Zaman asuba a gindin bishiyar Bodhi: yadda ake yin sa da abin da ke ɓata shi

Ƙarfe 5 na asuba ake buɗe ƙofar haikalin Mahabodhi da ke garin Bodh Gaya, a jihar Bihar ta ƙasar Indiya, a rufe ƙarfe 9 na dare. Cikin waɗannan awoyi 16, wanda zaman natsuwa ya kawo shi awa biyun farko ne rabonsa. Da ƙarfe 7 ta gota motocin maziyarta sun fara juye mutane, kowane ayari da jagoransa da 'yar lasifikarsa, hanyar da ta kewaye ginin ta cika har kafaɗa na gugar kafaɗa. Akwai kuma dalilin da ya girmi wannan. A imanin mabiya addinin Buddha, a nan ne Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buddha, ya kwana zaune gindin wata bishiya, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, kuma a sulusin dare na ƙarshe, gab da ketowar alfijir, ya samu abin da suke kira bodhi, wato farkawa. Shi ya sa tun kafin a buɗe za ka tarar da layi: tsofaffi 'yan Tibet da carbinsu mai 'ya'ya 108, mata 'yan Siri Lanka cikin fararen kaya riƙe da furen bado, kowa na jiran masu gadi.

Mun saba fassara wannan aiki da "zuzzurfan tunani", kuma fassarar tana ɓatar da mutane, domin ba tunani ake so mai zaman ya zurfafa ba. A harshen Pali, wanda aka adana tsofaffin nassoshin addinin da shi, bhavana ake cewa, ma'anarta ta fi kusa da raino ko noma, abin da ake kula da shi kullum har ya girma. Abin da ake raino a nan shi ne hankali ya iya tsayawa kan abu guda, in ya kuɓuce a lura, a dawo da shi. Zan riƙa ce masa zaman natsuwa.

Shirin yana farawa ne tun daren jiya. Lokacin ziyara daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka tsakanin digiri 5 zuwa 10. Wanda ya san hunturunmu zai ce ai wannan ba komai, amma namu busasshen sanyi ne, nasu mai laima ne, yana zuwa da hazo mai kauri da ke jiƙa tufafi ya shiga ƙashi. Ga shi kuma daɓen wurin dutse ne. Dutse yana zuƙe ɗumin jiki daga ƙasa fiye da yadda iska ke kwashe shi daga sama, saboda haka wanda ya jibga riguna uku ya zauna kan siririn zane zai fara karkarwa kafin minti 15. Abin da ke ƙarƙashinka ya fi abin da ke kanka muhimmanci. Ka tanadi shimfiɗa mai kauri, irin ta soso da ake naɗewa, ko bargo da aka ninka huɗu. A kanta kana buƙatar matashi mai tauri, tsayinsa kamar faɗin yatsu huɗu zuwa shida bayan ka zauna a kai. Filon otal yana lotsewa, ba ya aikin. Sai mayafin ulu mai faɗi wanda zai rufe kafaɗu ya sauko har gwiwoyi, hula, da safa biyu, domin takalmi cirewa ake yi amma ba a hana safa. Duk waɗannan ana sayar da su a rumfunan da ke kusa da haikalin, ka saye su da yamma, da asuba rumfunan a rufe suke. Ka haɗa da maganin sauro na shafawa. Ko da sanyi akwai sauro a lambun, shi ya sa za ka ga masu daɗewa a zaune sun kafa ƙaramin gidan sauro mai tsayawa da kansa sun shige ciki.

Waya kuwa ka bar ta a masauki. Tun bayan bama-baman da suka tashi a harabar da safiyar 7 ga Yuli 2013 aka hana shiga da wayar salula. Akwai wurin ajiya kafin ƙofa, a karɓi wayar a ba ka lamba, sai dai layin can ya ishi cinye maka minti goma daga lokacin da ya fi daraja. Tunda babu waya, agogon hannu ya zama dole, in ba haka ba rabin zaman zai tafi wajen tambayar kai ko minti nawa aka yi. Shiga kyauta ne, kyamara ce ake saya wa tikiti. Ana bincike sau biyu, maza da layinsu mata da nasu, kuma jaka ƙarama ta fi saurin wucewa.

Abincin dare ya zama mara nauyi, a kwanta kafin ƙarfe 10. Da asuba rabin kofin ruwan ɗumi ko shayi ya wadatar. Wanda ya sha kofi biyu don korar barci, fitsari zai tashe shi a tsakiyar zaman, ban-ɗaki kuma da 'yar tafiya. Yawancin masaukai da gidajen ibada na ƙasashe, na Tailan, Butan, Japan, Myanmar da sauransu, ba su wuce tafiyar minti 10 zuwa 25 a ƙafa ba. Ka fito da tocila, kuma in da hali ku tafi ku biyu ko uku saboda karnukan titi da duhun lunguna. Wanda ya sauka a birnin Gaya, kimanin kilomita 15 daga nan, sai ya yi magana da mai adaidaita tun da yamma. Ni dai ban ga amfanin kwana a Gaya ba ga wanda asuba ta kawo shi.

Ga Musulmin da karatu ko bincike ko yawon buɗe ido ya kai shi, lokacin yana karo da sallah: a tsakiyar hunturu alfijir na ketowa 'yan mintuna bayan ƙarfe 5. Akwai masallaci dab da harabar, har ana jin kiran sallarsa daga ciki. Wanda ya yi sallarsa ya shigo wajen 5:40 yana da sauran kusan minti 50 kafin rana ta fito. Babu mai tambayar addinin kowa a ƙofa, kuma babu wanda ake sa shi rusuna wa gunki ko miƙa fure.

Bayan bincike za ka bi wata doguwar hanya har ka iso saman matakala ta gabas. Haikalin a cikin kwari yake, kimanin mita 5 ƙasa da garin, don haka daga sama kake fara ganinsa: hasumiyar bulo mai kusurwa huɗu, tsayinta ya kai mita 50, an haska ta da fitilu, kanta ya ɓace cikin hazo. Sarki Ashoka ne ya fara gina wurin ibada a nan a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ginin da ke tsaye yanzu asalinsa na ƙarni na 5 zuwa na 6 ne, an yi masa babban gyara a shekarun 1880, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Ana cire takalmi kafin a shiga farfajiyar ciki. Ƙofar ginin na kallon gabas, cikinta ɗan ƙaramin ɗaki ne da mutum-mutumin Buddha mai ruwan zinariya, zaune, yatsun hannunsa na dama na taɓa ƙasa. Ɗakin ƙunci gare shi, layi ne ke shiga yana fita, ba wurin zama ba ne.

Bishiyar tana bayan ginin, ta yamma. Ka kewaya ka bar ginin a hannun damanka. Na nanata wannan domin ƙafar da ta saba da ɗawafi tana barin abin da ake kewayawa a hagu, a nan kuwa akasin haka ake yi, kuma wanda ya bi ta hagu zai yi ta karo da ɗaruruwan mutane. Bishiyar 'yar uwar durumi da cediya ce, Indiyawa na ce mata pipal. Ganyenta kamar na durumi, sai dai da dogon wutsiya siriri a ƙarshe. Wadda ke tsaye yau ba ita ce ta zamanin Buddha ba, jikanyarta ce ta nesa: tsohuwar ta faɗi a guguwar 1876, Alexander Cunningham, Baturen Birtaniya mai binciken kayan tarihi, ya dasa wannan daga zuriyarta a 1881. Rassanta sun yi nauyi har an tokare su da ginshiƙan ƙarfe. Tsakanin gindinta da bangon haikali akwai faifan dutsen da ake kira Vajrasana, wanda ake dangantawa da Ashoka, alamar daidai inda aka yi zaman. An killace shi da bishiyar, ba a shiga.

Zaɓen wurin zama shi ne shawara mafi girma ta safiyar, kuma a nan yawancin sababbi ke kuskure. Kowa so yake ya manne da shingen bishiyar. Amma nan ne mahadar komai: masu kewaye na wucewa taku ɗaya daga gwiwarka, wasu na tsayawa su jingina goshi da shingen, ayari na zama su fara karatu da lasifika, raɓa na ɗiga daga ganye, tsuntsaye kuma da gari ya fara wayewa suna sako abin da suke sakowa. Wanda ya daɗe yana wannan aiki zai iya zama a nan. Mai farawa ya ja da baya. A bayan shingen dutsen da ya kewaye farfajiyar ciki akwai ciyawa da ɗaruruwan ƙananan hasumiyoyi da mahajjatan da suka gabata suka gina, tsakaninsu akwai lunguna inda rassan bishiyar ke kaiwa ko ake hango ta, mutane kuma ba sa bi. Ka nemi inda bango ko hasumiya ke bayanka ta tare iska, ba don jingina ba. Ka dubi inda lasifikan haikalin suke rataye ka nisance su.

Za ka ga dogayen allunan katako shimfiɗe a ciyawar, wasu an lulluɓe su da leda. Suna da masu su. Na mabiya tafarkin Tibet ne da ke faɗuwa rub da ciki su miƙe, su sake faɗuwa, da niyyar cika 100,000, aikin da ke ɗaukar makonni ko watanni. Ko ka ga allo ba kowa kada ka zauna a kai, mai shi na tafe. Haka duk shimfiɗar da ka tarar.

Yanzu zaman kansa. Ka shimfiɗa sosonka, ka ɗora matashi a baya-baya, ka zauna a gabansa-gabansa, kamar sulusin gaba, ba tsakiya ba. Dalilin shi ne ƙugu ya ɗara gwiwoyi tsayi. In ƙugu ya fi gwiwa tsayi, kwankwaso na ɗan karkatowa gaba, ƙashin baya ya miƙe da kansa ba da ƙoƙari ba. In gwiwoyi suka fi ƙugu tsayi, baya zai lanƙwashe, tsokar gadon baya ta yi ta aikin riƙe ka, bayan minti 10 ta fara zafi tsakanin kafaɗu. Ba sai ka harɗe ƙafa irin ta mutum-mutumin ba, wato kowace ƙafa kan cinyar ɗaya. Wannan zaman ya lalata gwiwoyin mutane da yawa da suka tilasta shi. Zaman da 'yan Myanmar suka fi yi ya isa: ka tanƙwashe ƙafa ɗaya ka jawo diddigenta kusa da jiki, ɗayar ka ajiye ta a gabanta a ƙasa, babu wadda ta hau wata. Idan gwiwa ɗaya ta ƙi taɓa ƙasa, ka cusa ninkakken mayafi ƙarƙashinta, kada ka bar ta tana reto. Wanda gwiwa ko ƙugu ke damunsa ya zauna kan dakali ko ɗan kujera mai naɗewa, tsofaffi da yawa haka suke yi. Abu ɗaya ne ba a yi: miƙe ƙafa tafin sawu na kallon bishiyar, ko gunki, ko malamin addini. Wannan rashin ladabi ne babba a wurinsu.

Hannaye kan cinya, na dama cikin na hagu, ko kowanne kan gwiwarsa, duk a ƙarƙashin mayafi. Ka ɗaga kafaɗu har kunne ka sake su su faɗi. Haɓa ta ɗan shigo ciki kaɗan. Ido ko a rufe, ko a bar shi rabi yana kallon ƙasa kamar taku biyu a gaba. Da asuba na fi son rabin buɗewa, domin duhu da ɗumin mayafi da rufaffen ido sun haɗa duk abin da barci ke nema.

Minti biyu na farko kada ka yi komai sai jin nauyin jiki a kan matashi. Sannan ka nemo inda numfashi ya fi bayyana. Wurare biyu ne: bakin hanci da saman leɓe, inda iska ke taɓawa, ko ciki, inda yake tasowa ya koma. Sanyin Bodh Gaya na taimaka wa mai bin hanci, domin iska na shiga da sanyi ta fito da ɗumi, bambancin a fili yake. Mai mura ya bi ciki. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen zaman. Ba a ja, ba a riƙewa, ba a gyara numfashi. In gajere ne a san gajere ne, in dogo ne a san dogo ne.

Sai ƙirga. Duk fitar numfashi lamba ɗaya, daga 1 zuwa 10, a koma 1. Buddhaghosa, malamin ƙarni na 5 wanda tarihin Siri Lanka ya ce a kusa da Bodh Gaya aka haife shi, ya yi gargaɗin kada ƙirgan ya gaza 5 kada ya wuce 10. Ƙasa da 5 hankali na takura kamar garken da aka cusa a ƙaramin shinge, sama da 10 kuma sai ya bar numfashi ya koma bin lamba. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 16 a minti, ke nan zagaye ɗaya bai cika minti guda ba, zaman minti 30 kuma numfashi 400 ne da 'yan kai. A ranar farko da wuya ka kai 10 sau uku a jere. Za ka farga kana 17, ko ka farga kana lissafin kuɗin jirgi ba ka san inda lamba ta faɗi ba. Ka koma 1, ba tsaki ba zargin kai. Tsofaffin malaman sun kwatanta hankali da maraƙin da aka raba da uwarsa aka ɗaure a turke: zai yi ta fizga, ya zagaya, ya yi kuka, in igiyar ta riƙe daga ƙarshe ya gaji ya kwanta jikin turken. Numfashi ne turken, lura ce igiyar. Fargar nan da ka yi cewa ka tafi, da dawowar, su ne aikin. Wanda ya dawo sau 50 a zama ɗaya ya yi aikin sau 50.

Wajen ƙarfe 5:30 lasifikan haikalin za su buɗe da karatun safe cikin Pali, a fara da Namo tassa, a bi da Buddham saranam gacchami. Kafin nan ma wurin bai yi shiru ba, bayan nan kuwa sai abin ya haɗu: 'yan Tailan masu tufafi ruwan goro na rera nasu ta wannan gefe, 'yan Tibet masu ja mai duhu na gunjin nasu da murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci da ganga da ƙaho, 'yan Biyetnam ko Koriya na buga ɗan ƙoƙon katako, allunan masu faɗuwa na shuu, shuu, ba tsayawa. Wannan ne ke kayar da mutane fiye da sanyi. Mutum ya ƙetare teku yana zaton zai samu shirun da babu a gida, sai ya tarar da hayaniya, ransa ya ɓaci, ya ƙare zaman yana faɗa da lasifika a zuci. Toshe kunne da auduga yana rage kaifin sautin, amma ba ya magance ɓacin ran. Abin da ke aiki shi ne a bar kokawar. Idan sauti ya fi numfashi ƙarfi, ka ajiye ƙirga ka juya ga sautin da kansa: ka ce a zuci "ji, ji", ka lura da tasowarsa da tsayinsa da yankewarsa, ba tare da neman wane ne ko me yake cewa ba. Rashin jin harsunan ma taimako ne, domin babu ma'anar da za ta ja ka. Da ya lafa ka koma hanci ka fara daga 1. Wanda ya koyi wannan a Bodh Gaya ya samu abin da zai yi masa amfani a ɗakin da janareton maƙwabci ke ruri, kuma a ganina wannan ya fi duk abin da wurin ke koyarwa daraja.

Nassoshinsu sun lissafa abubuwa biyar da ke tare hankali: kwaɗayi, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da nadama, sai shakka. Da asuba gyangyaɗi ne sarki. Alamarsa ta farko ba hamma ba ce, wani daɗi ne mai laushi, numfashi ya dushe, lambobi su narke, kai ya fara sunkuyawa. Mutane da yawa na ɗaukar wannan natsuwa ce ta zo. Bambancin shi ne mai natsuwa ya san numfashin da yake ciki, mai gyangyaɗi bai sani ba. An ruwaito cewa Buddha ya ba almajirinsa Moggallana magunguna a jere, kuma har yau suna aiki: a ja kunnuwa, a murza hannaye da ƙafafu, a shafa ruwa a ido, a ɗaga kai a dubi sama da taurari, in duk sun ƙi a tashi a yi tafiya. Ka ƙara da zame mayafi daga wuya iska ta taɓa ka.

Akasinsa shi ne matsawa. Mai ƙwazo kan haɗe gira, ya juya idanu suna leƙen hanci, ya riƙa jan numfashi da ƙarfi don ya ji shi sosai. Sakamakon ciwon goshi ne da jiri da jin minjirya a yatsu, domin numfashin da ya wuce buƙata yana rage iskar kabon da ke cikin jini. Maganin a sassauta fuska, a bar ido ya huta, a koma jin nauyin jiki na minti ɗaya. Akwai misalin da aka ba wani almajiri mai suna Sona, wanda makaɗi ne kafin ya shiga tafarkin: tsirkiyar da aka ɗaure tamau ba ta ba da sauti mai kyau, wadda ta yi sako-sako ma haka.

Ƙafa za ta mutu, yawanci tsakanin minti 15 zuwa 25. Jijiya ce aka danne, a bayan cinya inda bakin matashi ke tokare ta, ko a gefen gwiwa da idon sawu inda suka haɗu da ƙasa. In ta zo da wuri ka gyara matashin ko ka ƙara kaurin shimfiɗa. Minjirya da tsamin tsoka ba su da haɗari, ana iya kallonsu kamar yadda aka kalli sauti. Amma zafi mai suka a cikin gwiwa, wannan ba a haƙuri da shi, ka sauya zama nan take. Haɗarin gaske yana wajen tashi. Kada ka miƙe kan ƙafar da ba ka ji, a kan dutse mai santsin raɓa, cikin safa. Ka warware ƙafafun gefe, ka murza su, ka motsa yatsu har ji ya dawo sarai, sannan ka dafa ka tashi. Targaɗen idon sawu a nan yake samun mutane.

Minti 25 zuwa 30 ya ishi zaman farko. Bayansa tafiya ta minti 10 zuwa 15. A gefen arewa na haikalin akwai dogon dakali da aka jera furannin dutse a kansa, inda suka ce Buddha ya yi mako na uku cikin makonni bakwai da ya yi a wurin yana kai da komowa. Ana kallonsa ana ɗora masa fure, ba a hawa, kuma hanyar gefensa cunkoso ce. Don tafiyar natsuwa ka nemi miƙaƙƙen wuri mai taku 20 zuwa 30 a hanyoyin sama da suka kewaye kwarin, ko ta kudu wajen tafkin Muchalinda, inda mutum-mutumin Buddha ke tsakiyar ruwa maciji ya yi masa laima da kansa. Hannaye a haɗe gaba ko baya, ido a ƙasa, hankali a tafin sawu: ɗagawa, turawa, saukewa. In ka kai ƙarshe ka tsaya cak, ka juya a hankali, ka dawo. A hanyar da jama'a ke kewaye kuwa ka bi saurinsu, kada ka tsaya kana ɗaga ƙafa a hankali tsohuwa na bayanka da carbi.

Zama na biyu, daga wajen ƙarfe 6 zuwa fitowar rana, kusan kullum ya fi na farko. Jiki ya yi ɗumi, barci ya sake ka, kunne ya saba. A nan za ka iya barin ƙirga ka bi numfashi haka nan, tun daga farkon shigarsa har ƙarshen fitarsa da ɗan tsayawar da ke tsakani. In hankali ya sake watsewa ka koma lamba. A Disamba da Janairu rana na fitowa wajen 6:30. Ko idonka a rufe za ka san lokacin, domin tsuntsayen bishiyar na ɓarkewa da kuka gaba ɗaya, sanyi kuma na ƙara cizo na ɗan lokaci kafin ya saki. Ranar da hazo bai yi kauri ba, hasken farko na sauka kan ƙololuwar hasumiyar, wadda aka lulluɓe da zinariya kusan kilo 290 da aka kawo daga Tailan a 2013. Mintuna biyar na ƙarshe al'adarsu ce a yi metta, fatan alheri: mutum ya fara da kansa, ya yi wa wanda yake ƙauna, sai wanda bai dame shi ba, sai wanda ke tsakaninsu da saɓani, sai dukkan mai rai, cewa su zauna lafiya su kuɓuta daga wahala. Wanda ke fama da firgici ko tsohon tashin hankali da ke dawo masa, ya taƙaita zamansa zuwa minti 10, ido a buɗe, kuma in abin ya taso ya tashi ya yi tafiya, kada ya ce sai ya jure.

Ganye ba a tsinka. Bishiyar ta sha jinya, masana daga cibiyar binciken gandun daji ta Dehradun ne ke duba lafiyarta, har fitilun mai ma an ɗauke su daga kusa da ita an kai wani ɗaki na daban saboda zafi da hayaƙi. Ganyen da ya faɗo da kansa na wanda ya faɗo kusa da shi ne, kuma za ka ga dattijo ya yi wuf kamar yaro don ganye ɗaya. In ya faɗo kan shimfiɗarka ka sa shi tsakanin shafukan littafi ya bushe a miƙe. Malamin addini namiji ana ce masa Bhante, a gaishe shi da haɗa tafuka a ƙirji, kuma mace ba ta taɓa shi ko ta miƙa masa abu hannu da hannu, musamman 'yan Tailan. Ba a tsallake littafin karatun kowa. Ba duk mai tufafin malamai da ya miƙo hannu ne malami ba. Mai son ba da sadaka ga wurin ya kai akwatunan hukumar haikalin ko ofishinta, inda ake ba da rasit.

Safiya ɗaya ba ta isa. Ta farko na tafiya wajen gane ƙofofi da gano cewa matashin ya yi gajere, ta biyu jiki na ciwo, daga ta uku ne zaman ke fara zama. Mai iko ya ba wurin kwana huɗu ko biyar, ya riƙa komawa lungu ɗaya a lokaci ɗaya. Ya kuma duba kalanda kafin ya sayi tikiti: farkon Disamba akwai babban taron karatun nassoshin Pali na ƙasashe da yawa, Disamba da Janairu kuma lokacin manyan addu'o'in 'yan Tibet ne, inda dubban malamai ke cika kowane taku na ciyawar, masauki ya yi tsada. Mai neman sarari ya zo a Nuwamba ko ƙarshen Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin rana na haura digiri 40, dutsen na ƙona tafin sawu tun hantsi, amma asubar a sake take kuma babu cunkoso, in ban da ranar cikar wata ta bikin Buddha Purnima, wato bikin tunawa da haihuwar Buddha. A wannan lokacin bargo da hula ba su da aiki, sai ka ninka maganin sauro ka riƙe gorar ruwa, kuma ka tashi daga wurin kafin ƙarfe 8.